Garahunina yana fure amma ba ya 'ya'ya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na shuka garahuni a gindin dangar gidanmu farkon damina. Ya yaɗu ya rufe dangar, yana ta fure, amma sai furen ya zube, ko ɗa guda ban gani ba. Maƙwabciyata ta ce in fesa magani. Mene ne abin yi?
Daga wata uwargida, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah ki ajiye maganar feshin nan tukuna. Garahuni dangin kabewa da duma ne, fure iri biyu yake yi a jikin yaɗo guda, namiji da mace. Namijin ke fara fitowa, shi ya fi yawa, kuma da ya buɗe ba ya daɗewa yake faɗuwa. Ina kyautata zaton shi kike sharewa kullum.

Gobe da hantsi ki ɗaga fure ki leƙa ƙarƙashinsa. In kin ga ɗan ƙullutu kore mai ƙuraje-ƙuraje, mace ce, ƙullutun nan shi ne ɗan da kike jira. In siririn tsinke ne kawai, namiji ne. Ƙudan zuma ke kwasar garin namijin su kai wa macen, su kuwa maganin maƙwabciyarki zai fara kashewa. Idan ba sa zuwa gidan, ki yi aikin da hannunki: ki tsinko namiji sabon buɗewa, ki cire fatun furen, ki goga tsakiyarsa a tsakiyar macen.

Kuma a rage takin zamani, musamman yuriya, ganye kawai yake ƙara masa. Kashin awaki da ya ruɓe ya isa. Yana son rana, ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi.

Ɗanyen ana dafa shi, sai dai akwai ɗaci kamar ganyen. In ya nuna yakan yi ja ya fashe da kansa. Jan naman da ya lulluɓe ƙwayar ne yara ke tsotsa, amma ki sa su tofar da ƙwayar, tana ɓata ciki. Mai juna biyu ta bar shi gaba ɗaya, mai shan maganin suga kuma ya tambayi likita.

Irin baɗi ki ɗiba daga waɗanda suka fashe, ki wanke, ki shanya a inuwa. Ranar shuka ki jiƙa shi ya kwana, ƙwaya 2 ko 3 a rami, zurfin gaɓar yatsa, taku guda tsakanin rami da rami.