Tambaya da Amsa: Mma ta ajiye maganin hawan jini

Tambaya: Salamu alaikum Anti Nas. Daga Aboabo nake rubutowa, nan Kumasi. Mahaifiyarmu shekarunta 72, bayan rasuwar Baba aka gano tana da hawan jini, to amma da ta ɗan ji sauƙi sai ta ajiye ƙwayar ta koma jiƙon ganye, wai tana kumbura mata ƙafa kuma ba ta son ɗora mana nauyi. Yayyena duk suna Nima a Accra, ni kuma ina kasuwar Kejetia tun safe sai magariba, ita kaɗai take wuni a ɗaki. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba, ya ba Mma lafiya. Wallahi wasiƙarki ta taɓa ni, don iyayenmu da yawa a zango haka suke, kunya da kawaici sun hana su cewa magani ya ƙare.

Ki gane, hawan jini ba ya sallama, mutum na zaune yana hira jininsa ya haura 140/90 bai ji komai ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu a kwashe shi sai asibitin Komfo Anokye. Sauƙin da ta ji ai aikin ƙwayar ne, in ta bari jinin zai sake hawa. Kumburin ƙafan ma ba ƙarya ta yi ba, ƙwayar hawan jini irin amlodipine na yi wa wasu haka, ki kai ta ta faɗa wa likita da bakinta ya rage ko ya canja mata wani, ki tafi da ganyen ma ya gani.

Maganar kuɗi kuwa, wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta NHIS sai ɗan na sabunta kati, a waya ma ana yi da *929#. Gishiri kar ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a wuni, kuma ki lissafa da dunƙulen magi da kifin gishiri irin su koobi da momoni, da yajin shito. Goro a rage, diclofenac ɗin ciwon gwiwa da ake saya a kemis ma yana ɗaga jini.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wunin nan ita kaɗai. Matar da ta saba da miji da hayaniyar yara yanzu sai ita da tunani, wa zai tuna mata da magani, wa ma za ta ci abinci da shi? Ki roƙi wata maƙwabciya ta riƙa leƙa ta, ta koma makarantar islamiyyar mata in ƙafa ta yarda, a ɗaura shan ƙwayar da sallar asuba don kar ta manta. Su kuma na Nima ki faɗa musu gaskiya, turo kuɗi ta MoMo kaɗai bai isa ba, su haɗa su saya mata na'urar awon jini, kowa ya ɗauki ranar da zai kira ta ya tambayi lambar da ta nuna.