Katin Bashin Kanti da Makin da Ake Tarawa: Amsar Wasiƙunku Daga Saudiyya

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon sun fito ne daga 'yan'uwa mazauna Saudiyya, kuma duk a kan abu ɗaya suke, wato katin bashi da ake tallatawa a ƙofar manyan kantuna, wanda ake ba mai shi maki duk lokacin da ya yi sayayya. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma cire sunayen kantuna da bankuna, domin matsalar ba ta wani kamfani ɗaya ba ce.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Wani babban kanti ya yi mini katin bashi, aka ce duk abin da na saya za a mayar mini da kashi 2 cikin ɗari a matsayin maki. Na sayi firiji na riyal 4,000. Wata shida ke nan ina biyan riyal 200 duk wata kamar yadda saƙon banki yake nunawa, wato na biya 1,200, amma har yanzu ana bi na sama da riyal 3,300. A takardar an rubuta riba kashi 2.5 a wata. Shin cutata ake yi? Daga wata mai karatu, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mun yi lissafi da alƙaluman da kika aiko, kuma babu kuskure a abin da bankin ya rubuta. Abin da ya faru shi ne ba a yi miki cikakken bayani ba ranar da kika sa hannu, kuma wannan shi ne ƙorafin da ya fi maimaituwa a wasiƙun da ke gabanmu. Kada ki ji kunyar lamarin, bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Ga yadda abin yake. Makin da kika samu a kan firijin, kashi 2 cikin ɗari na 4,000, riyal 80 ne, kuma sau ɗaya aka ba ki shi. Ribar da ake ɗora miki kuwa, kashi 2.5 na abin da ya rage a kanki, riyal 100 ce a watan farko kaɗai, kuma kowane wata sai an sake lissafa ta. Saboda haka cikin riyal 200 da kika biya a farko, rabi ne ya tafi ga uwar kuɗin, rabi ya tafi ga riba. A wata shida kin biya 1,200, amma abin da ya ragu daga bashin bai wuce riyal 640 ba. Idan kika ci gaba a haka ba tare da kin ƙara sayen komai da katin ba, za ki yi kimanin wata 28 kina biya, har da wata shidan da suka wuce, kuma jimillar ribar da za ki bayar za ta kai kusan riyal 1,600. Kashi 2.5 a wata yana nufin kashi 30 a shekara, tun kafin a haɗa kuɗin katin na shekara-shekara, wanda shi ma ana ɗora masa harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa a ƙasar tun watan Yuli na 2020.

Riyal 200 ɗin da saƙon yake nuna miki shi ne mafi ƙarancin abin da za ki biya don kada a rubuta ki cikin waɗanda suka yi jinkiri, kuma yawanci kashi 5 cikin ɗari ne na bashin. Ba shawara ba ce a kan abin da ya dace ki biya. A cikin takardar bayanin wata akwai adadi na biyu, wato jimillar abin da ake bin ki, kuma wanda ya biya wannan jimillar gaba ɗaya kafin ranar da aka ƙayyade shi ne kaɗai ke cin moriyar maki ba tare da an ci komai daga jikinsa ba.

Akwai abu guda da muke so ki riƙe. Sunan kanti ne a fuskar katin, amma ba kantin ke bin ki ba. Banki ko kamfanin ba da lamuni da ke ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Saudiyya, SAMA, shi ne ya biya kuɗin firijin, kuma da shi kika ƙulla yarjejeniya. Yaron da ya cika miki takarda a ƙofar kanti aikinsa ya samo masu karɓar kati, ba zai iya rage miki ko halala ɗaya ba, wato kwabon riyal. Don haka ki daina sayayya da katin daga yau, ki kira bankin ki tambayi adadin da zai rufe bashin gaba ɗaya, ki kuma tambaya ko suna da tsarin mayar da shi biyan kashi-kashi mai ƙayyadadden lokaci da riba mafi sauƙi. Idan kina da adashi ko wani ajiya, biyan wannan bashin ya fi barin kuɗin a ajiye. Ko ninka biyan kika yi zuwa riyal 400 a wata, za ki gama cikin wata goma.

TAMBAYA: 'Yan'uwa da suka zo Umara daga Kano sukan ba ni kuɗi hannu in saya musu wayoyi da kayan lantarki, ni kuma in biya da katina don in tara maki. Kwanakin baya na mayar da wasu kaya, sai aka zare makin da aka ba ni, wasu kuma aka ce wa'adinsu ya ƙare. Ina da haƙƙin neman a dawo mini da su? Kuma makin da na samu da kuɗin mutane nawa ne ko nasu? Daga wani mai karatu, Misfala, Makka.

AMSA: Alhaji, zare maki bayan mayar da kaya abu ne da aka saba, domin cinikin da ya jawo makin an warware shi. Batun wa'adi kuwa ya danganta da sharuɗɗan da ka amince da su. Maki ba kuɗi ba ne da ke cikin asusunka, alkawarin rangwame ne, kuma mai alkawarin yakan rubuta cewa yana iya sa masa wa'adi, ya ƙayyade iyakar abin da za a tara a wata, ko ya hana maki a kan kayan da aka riga aka karya farashinsu. Ka nemi takardar sharuɗɗan ka duba. Idan ka ga an zare maka abin da sharuɗɗan ba su ambata ba, ka shigar da ƙorafi a bankin, ka karɓi lambar ƙorafin ka ajiye tare da rasit ɗinka, idan ba a warware ba ka kai ga sashen SAMA mai karɓar koken abokan hulɗar bankuna. Shawararmu ita ce kada ka riƙa tara maki na dogon lokaci kana jiran su yi yawa, ka riƙa amfani da su da zarar sun isa sayen wani abu na cefanen gida.

Tambayarka ta biyu ta nuna tsoron Allah, kuma mun ji daɗinta. Hanya mafi tsabta ita ce ka gaya wa masu aikenka cewa da kati za ka biya kuma za ka samu maki, su yafe maka, domin kai wakilinsu ne a wannan cinikin. Idan rangwame aka yi nan take a kan farashin, to wannan nasu ne, bai kamata ka karɓi cikakken kuɗin da ke jikin kaya ba alhali ƙasa da haka ka biya. Abin da ya fi damun mu shi ne kuɗin hannun da suke ba ka. Ka zuba su cikin katin a ranar, kada su kwana a aljihu, saboda kuɗin da ke aljihu hidimar gida takan cinye su, sai ƙarshen wata ya zo ana bin ka kuɗin wayoyin da tuni suna Kano.

TAMBAYA: Malam, an ce mini katin da kantin ke bayarwa ya dace da shari'a, amma na ga ana ƙara kuɗi idan ba a biya duka ba. Halal ne ko haram? Daga wani direban kamfani, Riyad.

AMSA: Ɗan'uwa, wannan fili ba majalisar fatawa ba ce, amma za mu gaya maka abin da malamai suka tsayar. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi kuma mazauninta ke Jidda, ta zauna a Riyad a shekarar 2000 ta fitar da matsaya mai lamba 108. A cikinta ta ce bai halatta a fitar ko a yi hulɗa da katin bashi da aka sharɗanta ƙarin riba a kansa ba, ko da mai katin ya ƙudurta zai biya kafin lokacin ƙarin ya yi. Ta halatta katin da ba shi da wannan sharaɗin, tare da kuɗin hidima tsayayye da ake karɓa wajen fitarwa ko sabuntawa. Ta kuma hana sayen zinariya, azurfa ko kuɗin ƙasashen waje da irin wannan katin da babu kuɗin mai shi a ciki, abin da ya kamata masu saya wa iyali gwal a kasuwannin Makka da Jidda su lura da shi.

Bankunan da ke cewa katinsu ya dace da shari'a sukan gina shi a kan tawarruƙi, wato idan ka kasa biyan duka, sai bankin ya sayar maka da wata haja bashi da riba, a sayar da ita a madadinka, a rufe abin da ake bin ka da kuɗin. Kwamitocin shari'a na bankunan sun amince da wannan. Sai dai Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, da ke Makka ta ƙi amincewa da tawarruƙin da banki ke shiryawa tun daga farko har ƙarshe a shekarar 2003, ita ma majalisar Jidda ta bi wannan ra'ayi a 2009. Ka ga ke nan akwai saɓani na gaske, kuma rubutun da ke jikin talla bai isa ya kwantar da hankali ba. Ka karɓi kwafin yarjejeniyar ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa.

Idan kuma rangwamen kawai kake so, akwai hanyar da ba ta da bashi ko kaɗan. Tsarin tara maki irin su Iktissab na kantunan Othaim da Qitaf na kamfanin stc ba sa buƙatar ka ci bashi, kana iya biya da kuɗi hannu ko da katin mada, wanda daga asusunka yake cira kai tsaye. A ganinmu, ga mai albashi daidai wa daida da iyali a gida suna jiran aike, wannan ya fi dacewa.

TAMBAYA: Zan koma gida Nijar ƙarshen shekara da huruj niha'i, wato bizar fita ta dindindin. Na daɗe ban taɓa katin ba, na ma karya shi na jefar. Akwai sauran abin yi? Daga wani dattijo, Madina.

AMSA: Akwai, Baba. Karya katin bai rufe asusun ba, kuma kuɗin shekara yana iya ci gaba da hawa ba ka sani ba. Ka je bankin tun igamarka, wato takardar izinin zamanka, tana da sauran kwanaki, domin bayan ta ƙare akan daskarar da asusu, ka biya abin da ya rage, ka nemi a soke katin, sannan ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai. Ka kashe makinka kafin sokewar, saboda yawanci suna tafiya tare da katin. Bayan haka ka sa yaro ya duba maka rahotonka na SIMAH, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane, ta manhajar Molim, ka tabbatar an rubuta katin a rufe. Bashin da aka bari yana iya kaiwa kotun zartarwa, har ya jawo hana tafiya. Allah ya kai ka gida lafiya.

TAMBAYA: An turo mini saƙo da sunan kanti cewa makina sun kai riyal 1,000, in aiko da lambar da za ta shigo wayata don a zuba mini. In aika? Daga wata mai karatu, Ɗa'if.

AMSA: Kada ki aika, 'yar'uwa, 'yan damfara ne. Wannan lambar ita ce ke tabbatar da cire kuɗi daga katinki, kuma babu banki ko kanti da ke neman ta ta waya ko ta saƙo. Haka nan kada ki amince da wata buƙata da ta shigo manhajar Nafath, ta gwamnati da ake tabbatar da shaidar mutum da ita, idan ba ke kika nema ba. Ki tura saƙon zuwa 330330, lambar da aka ware don kai rahoton saƙonnin damfara. Idan kin riga kin ba da wani bayani na katin, ki kira bankin yanzu a dakatar da shi, sannan ki duba yawan makinki na gaskiya a cikin manhajar bankin ko a teburin kula da masu saye na kantin.