Kawo direbar nan in ajiye maka tukuna

Jiya da yamma muna wanke sandunan golf a bakin famfo ka yi min tambaya, ban samu na amsa maka yadda ya kamata ba saboda magariba ta kawo jiki. Ka ce, "Maigida, wata huɗu ke nan ina ɗaukar jaka, ga shi wani Alhaji ya ba ni tsohuwar direbarsa, sandar bugun nesa. Duk sanda na buga, ƙwallon sai ta tashi kamar za ta miƙe, can sai ta lanƙwasa dama ta faɗa cikin darbejiya. Yaya zan yi in riƙa bugawa da nisa kamar manya?"

To ga amsa, kuma na san ba za ta yi maka daɗi ba. Kawo min direbar in kulle a sito. Kyautar Alhaji ce, ba zan ci maka ita ba, amma ba yanzu ne lokacinta ba.

A cikin sanduna goma sha huɗun da doka ta yarda ɗan wasa ya zuba a jaka, direba ce mai wuyar sha'ani. Ita ce mai doguwar ƙota, sannan fuskarta kusan a tsaye take, kwanciyarta ba ta wuce digiri 9 zuwa 12 ba. Ɗauko ƙarfe mai lamba 7 ka ɗora kusa da ita ka gani: gajere ne, fuskarsa a kishingiɗe, digiri talatin da ɗoriya. Wannan kishingiɗar ita ke sa ƙwallo ta riƙa juyawa baya tana hawa sama, juyin bayan kuma yana rufa wa kuskurenka asiri. Direba ba ta da wannan kara. In fuskarta ta iso wajen ƙwallo a ɗan buɗe tana kallon dama, hannunka kuma ya yanko daga waje zuwa ciki, shi ke nan, ƙwallon ta ɗauki juyin gefe, sai darbejiya. Kai kana ganin ƙarfi ne ya yi kaɗan, sai ka ƙara zage damtse, lanƙwasar kuma ta ƙaru. Ina hango ka daga baranda, har ƙafarka ta dama tana tashi daga ƙasa kafin sandar ta sauko.

Yanzu zauna mu yi lissafi, don golf wasan lissafi ne, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Fili cikakke ramuka 18 ne, al'adar da ta samo asali daga St Andrews a ƙasar Sikotlan, inda a 1764 suka rage ramukansu daga 22. A yawancin filaye ana sa ran gwani ya gama da bugu 72, adadin da ake kira "par". A tsarin da aka fi sabawa da shi, ramuka huɗu masu bugu uku ne, huɗu masu biyar, goma masu huɗu. A gajerun nan huɗu ba a cika taɓa direba ba, ke nan sau 14 kacal za ka zare ta, in ma ka zare ta a ko'ina. Amma a kowane rami an ware bugu biyu na turi, bayan ƙwallo ta hau farfajiyar rami. Biyu sau 18 nawa ke nan? 36. Rabin wasan gaba ɗaya yana hannun 'yar sandar turin nan, fota, wadda kake jefawa a jaka kamar ba ta da gata. Kai kuma ka tattara hankalinka a kan bugu 14.

Shi ya sa ni daga bakin rami nake fara koyar da yaro, mu riƙa ja da baya.

Ramin faɗinsa milimita 108 ne, ƙwallon kuma ba ta kai 43 ba, wato biyu ma za su shiga a jere. Tsaya taku ɗaya daga ramin ka zura goma a jere. In ta tara ta kuɓuce, koma ɗaya. Za ka ji haushina, ba komai. Ranar da goman suka zama ruwan sha, ƙara taku ɗaya. Kuma ka gode wa Allah da ka fara a kan birawun, farfajiyar yashi da mai irin wadda filayenmu na Arewa suka daɗe da ita saboda tsadar ruwa. Yashi ba ya ɓoye komai. Bayan an share hanya ka tura, ƙwallon za ta bar maka sawu kamar na ƙadangare. Sunkuya ka karanta sawun. In ya fita a miƙe daga baya ya karkata, gangaren wurin ne ba ka lura da shi ba. In tun daga tashi ya kauce, laifin hannunka ne. Masu wasa a kan ciyawa a Abuja ba su da wannan allon.

Sai riƙo, wanda shi ne tushen lanƙwasar da ke damunka. Na duba hannunka jiya: kana danƙe sanda a tsakiyar tafi kamar mai shirin kashe maciji. Sanda a gindin yatsu take kwanciya. Ɗora hannun hagu a sama, ka juya shi kaɗan har in ka sunkuyar da kai ka ga gaɓoɓin bayan hannu guda biyu. Hannun dama ya zo ƙasa ya rufe babban yatsan hagu, ƙaramin yatsansa ya hau tsakanin manuniya da na tsakiya na hagun. Wannan shi ake kira riƙon Vardon, sunan wani gwani da ya ci gasar Open ta Birtaniya har sau shida. 'Yar kusurwar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, ta hannu biyun duka, ta riƙa nuna kafaɗarka ta dama. Bahago sai ya juya duk abin da na faɗa. Kwana uku na farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu. Kada ka koma wa tsohon riƙon.

Batun matsewa kuwa, in ka koma gida tsaya ka kalli innarka tana daka. Ba ta matse taɓarya. Tana ɗaga ta, ta sake ta, wani lokaci har ta tafa kafin ta cafe, nauyin taɓaryar ne ke fasa geron. Kan sanda ma nauyi gare shi. In ka matse, wuyan hannu ya sandare, nauyin ya tashi a banza.

Da ƙarfe mai lamba 7 za mu yi watanni. Abin da ke rikita kowane sabon shiga shi ne yana so ya ɗaga ƙwallo sama da kansa, sai ya riƙa kwasar ta kamar mai ɗiban miya da ludayi. Sakamakon biyu ne: ko ya daki ƙasa tun kafin ya iso, ko ya shafi kan ƙwallon ta tafi tana birgima. Ɗagawa aikin fuskar ƙarfen ne, an riga an ƙera ta don haka. Naka aikin ka sauko, ka fara samun ƙwallo, sannan ƙasa. Zan ja maka layi da tsinke, ka riƙa bugu babu ƙwallo, har sai kankarar da ƙarfen ke yi tana fitowa gaba da layin, ɓangaren da kake nufa. Ka fara da rabin ɗagawa, hannu iya ƙugu. In ka gama bugu ka tsaya cak, nauyinka a kan ƙafar hagu, cibiyarka tana kallon tutar rami, ka ƙirga uku. Wanda ya kasa tsayuwar nan, ya yi gaggawa.

Yanzu ma lokacin ya yi daidai, hunturu ne, ƙasa ta bushe kamar daɓe. In ka daki bayan ƙwallo, ƙarfen zai yi tsalle ka ji zafin har gwiwar hannu. Da damina ciyawa kan rufa wa mutum asiri, hunturu ba ruwansa.

Kada ka raina sanda ɗaya. Seve Ballesteros ɗan Sifaniya shi ma jaka ya fara ɗauka kamarka. Da tsohon ƙarfe mai lamba 3 ya koya, a bakin teku a ƙauyensu Pedreña, da shi yake bugun nesa, da shi yake fitowa daga yashi. A 1979, yana da shekara 22, ya ci Open. Ni kaina da na ƙi jin irin maganar da nake maka, na saci jiki na ɗauki direbar wani bature ina yaro, ƙwallon ta lanƙwasa ta fasa gilashin wata mota. Wata biyu ina ɗaukar jaka kuɗin na tafiya wajen mai gilashi.

Wannan ya tuna min: in ƙwallonka ta nufi mutane, ka ƙwala "fo!" da iyakar muryarka, ba a jin kunya a nan. Nauyinta bai wuce giram 46 ba, amma tana fasa kai. Sauran ladubban ka san su daga ɗaukar jaka: shiru in wani zai buga, kada ka taka layin turin mutum, ka share ramin yashi bayan ka fita. Tun 2019 minti uku ake ba ka na neman ƙwallon da ta ɓace, ba biyar ba, kuma in doka ta sa ka saki ƙwallo ƙasa da hannu, daga tsayin gwiwa ne. Har yanzu akwai dattawan da ke sakewa daga kafaɗa. In ka gani, ka faɗa musu a hankali, da ladabi.

Ranar da ka fara zagaya fili, kada adadin bugunka ya kashe maka gwiwa. Handikaf, wato rangwamen bugu da ake yi wa ɗan wasa, na sabon shiga yana kaiwa 54, kusan ƙarin bugu uku a kowane rami ke nan. Abin da ba zan yafe maka ba shi ne ka buga takwas ka rubuta bakwai. Ba alƙalin da ke bin ka a filin nan, kai ke ƙirga wa kanka, kuma yaron da aka kama sau ɗaya, ba mai sake ba shi jaka.

Gobe bayan asuba, kafin manya su fara zuwa, ka same ni a bakin rami na tara. Akwai tsohon lamba 7 a sito wanda na sake wa robar riƙo, shi zan ara maka, da fota da ƙwallaye goma. Ka taho da direbar. Ranar da na ga kankara goma a jere gaba da layi, ni da kaina zan buɗe siton in miƙa maka ita.