Amsa: Hill House ya cancanci yabon da ake masa?

Ɗan'uwana na Aboabo, ka tambaya ko shirin ban tsoro The Haunting of Hill House ya kai yadda masu sharhi ke kuranta shi, ko asarar data ce kawai. Na kalle shi a nan Nima, kashi 10 ɗin duka, wani dare ma dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya katse ni ana tsakiyar abu.

Netflix ta sake shi a 2018, Mike Flanagan ya ba da umarni, tushen labarin kuma littafin Shirley Jackson ne na 1959. Masu sharhi sun yaba shi sosai, musamman kashi na 6, inda kyamara ke bin iyalin Crain, waɗanda labarin ke kansu, a gidan makoki na mintuna masu yawa ba a yanke ba. Wannan kam gwaninta ce. Fatalwa ba ta cika faɗo maka ba zato ba. Tana laɓe can bayan ɗaki, sai ka sake kallo ka gan ta. Ainihin abin tsoron shi ne 'yan'uwa biyar da rasuwar uwarsu ta tarwatsa.

Inda aka rabu shi ne ƙarshe. Masu kallo da dama sun ce ya yi laushi, ni ma ban gamsu ba. Bly Manor, shirin Flanagan na 2020 da ya biyo bayansa, ya fi shan irin wannan ƙorafin, har ana cewa soyayya ce aka lulluɓe da fatalwa.

In jini da ihu kake nema, zai gundure ka. In kana da haƙuri, fara shi bayan isha'i, yara sun yi barci.