Amsa: Yadda kiɗan dub (salon reggae mai yawan amsa-kuwwa) ya shiga faifan farko na The Slits

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan dalilin da ya sa Cut, faifan farko na The Slits, ƙungiyar mawaƙan punk ta Landan, bai yi kama da hayaniyar punk da kunne ya saba da ita ba. Asalin abin yana cikin Landan ta wancan zamani, inda matasan Turawa ke cuɗanya da 'ya'yan mutanen Jamaika, har ta kai Don Letts, wani DJ mai tushe daga Jamaika, yana sa fayafayan reggae a gidan rawa na Roxy a 1977 kafin mawaƙan punk su hau dandali.

An kafa ƙungiyar a 1976, Ari Up mai rera waƙa tana 'yar shekara 14 kacal. Kafin kamfanin Island ya fitar da faifan a Satumban 1979, mai gangarsu Palmolive ta riga ta rabu da su, sai Budgie ya riƙe gangar.

A ganina, wanda ya juya akalar aikin shi ne Dennis Bovell, haifaffen Barbados kuma jagoran ƙungiyar reggae ta Matumbi, wanda ya tsara sautin. Ya ɗaga jitar bes ta Tessa Pollitt ta zama ginshiƙin kiɗan, ya bar jitar Viv Albertine siririya tana shiga tana fita, sannan ya bar sarari tsakanin sautuka yadda amsa-kuwwa za ta samu wurin yawo, kamar yadda masu dub na Kingston, babban birnin Jamaika, ke yi. Idan ka kasa kunne a waƙar "Newtown", za ka ji ƙarar kwalin ashana da cokali suna cike gurbin ƙananan kayan kiɗa.