Kafin ku sayi jirgin ceto a Harobanda

Ɗan'uwa, ka ce matasan unguwarku ta Harobanda, a tsallaken kogin Isa a Yamai, na son tara kuɗi su sayi jirgin ceto saboda ambaliya, kana tambayar ta inda za a fara.

Ku fara da rigunan hana nutsewa da igiya. Jirgi mai inji na cin mai da gyara, ga wurin ajiya. Sau da yawa gudummawa kan ƙare a saye, jirgin ya zauna bakin kogi babu mai. Ku ware kuɗin mai tun farko, ku kuma nemi sarkawa, su suka san ruwan.

Ku tuna ruwa sau biyu yake cika a Yamai: na damina wajen Agusta da Satumba, kamar 2020 da ya fasa madatsar unguwar Lamorde, sai wanda ke gangarowa daga Gini lokacin sanyi. Mutane kan manta na biyun.

Kada kuɗi su zauna hannun mutum ɗaya. Mutum uku su sa hannu, a karanta lissafi a masallaci bayan Juma'a. Takardar izini kuwa, ku tambayi ofishin magajin gari.

Horon ceto ku je wurin 'yan kwana-kwana, lambarsu 18, ko ƙungiyar agaji ta Kuros Ruj. Wanda bai koya ba, ya jefa igiya daga gaɓa, kada ya faɗa ruwa.