Gad Ne, Amma Yana Makara Wajen Zamewa Daga Sahu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston da iyalina. Ɗana mai shekara 15 yana buga zari-rugar Amurka a makarantarsu. Gad ne, wato ɗaya daga cikin biyun da ke gefen mai miƙa ƙwallo a sahun mutum biyar na gaba. Kocinsu ya ce ƙarfi kam akwai shi, amma in aka ce ya zame daga sahu ya zaga ya share wa mai gudu da ƙwallo hanya, kullum sai ya makara. Yanzu an gama kakar wasa, sai watan Agusta. Me zai riƙa yi a gida?
Wani uba, Houston

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya raya mana shi. Ka kwantar da hankalinka, wannan makara kusan duk daga takun farko take, kuma gyaranta ba ya buƙatar kwalkwali ko abokin karo. Filin bayan gida ya isa.

Ya durƙusa tsayuwar wasa, hannu ɗaya a ƙasa. In dama zai nufa, ya fizgo gwiwar hannun dama baya da ƙarfi, ƙugu ya buɗe, ƙafar dama ta ɗan ja baya tana kallon inda za shi, ta hagu ta tunkuɗa shi. Iyakar abin ke nan. Ya yi goma dama, goma hagu, a hankali tukuna. Kai kuma ka tsuguna a gefe ka zuba wa kansa ido. Yaran da na sha gani, da zarar sun motsa sai su miƙe tsaye cak, kuma a nan ake asarar lokacin. Ɗaura igiya daidai ƙirjinsa, ya riƙa bi ta ƙarƙashinta.

Akwai wani abin da ya fi damuna. Yaron da ya san zai zame yakan mayar da nauyinsa kan dundunniya tun kafin a miƙa ƙwallo, yatsun hannunsa ko taɓa ciyawa ba su yi sosai ba. Masu tsaron baya na abokan hamayya suna karanta wannan, sun san inda wasa ya nufa. Don haka kar ka gaya masa abin da zai yi sai ya durƙusa: wani lokacin ka ce gaba, wani lokacin dama ko hagu. Ɗauke shi bidiyo da waya ku duba tare. Tsayuwar dole ta zama iri ɗaya.

Bayan mako biyu sai ka jera robobin ruwa biyar a matsayin sahu. Ya bi ta bayansu kurkusa, kamar yadi ɗaya, kar ya yi nisa. Ka tsaya a ƙarshe riƙe da tsohuwar katifa, kana ɗan gusawa, domin ya saba ɗora ido kan wanda zai tare tun daga takun farko. Ya gajarta taku in ya matso, ya bugo daga ƙasa zuwa sama da hannu da kafaɗa. Ban da sa kai, ko da wasa.

Da daddare ku nemi tsofaffin bidiyon ƙungiyar Green Bay Packers na shekarun 1960, lokacin koci Vince Lombardi, ku ga yadda gad ɗinsu biyu, Jerry Kramer da Fuzzy Thurston, ke zagawa tare. Ya kalli Jason Kelce na Philadelphia Eagles ma, wanda ya yi ritaya a 2024. Ƙafafunsu zai kalla, ba ƙwallon ba. Sannan ka tambayi kocin ko buɗe ƙugu yake so, ko ja da baya kafaɗu na kallon gaba, domin kowanne da wasan da ake yin sa.